Minti Uku da Sakan Arba'in

A Talata Mafara, in ana son a ga ɓacin ran Malam Ezekiya ba sai an sha wahala ba. A ce masa kawai, "Malam, a kashe kwamfutar nan ta ɗan huta mana." Nan take zai cire tabarau, ya dubi mutum kamar wanda ya ce a yanka saniyar tatsa, sannan ya shiga bayanin da ba a tambaye shi ba.

Mutumin ƙasar Zuru ne. Aikin gwamnati ya kawo shi garin shekara goma sha huɗu da suka wuce, ya zauna har Hausarsa ta koma ta mutanen wurin. Amma ba ofis ne ya sa aka san shi ba. Shi ya tara 'yan Linux na garin, mutum tara in an cika, huɗu in hadari ya haɗo, suna zama duk Asabar bayan la'asar a shagon Falalu mai gyaran waya. Linux ɗin nan manhaja ce da ke tuƙa kwamfuta, kuma ba ta da ubangida. Kowa na da iznin buɗe cikinta ya karanta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa kyauta. Ezekiya kan faɗi haka da irin muryar da yake karanta Zabura ranar Lahadi.

A ƙarƙashin teburin Falalu suka ajiye wata tsohuwar kwamfuta da aka jefar, suka haɗa mata sola da batir, suka ɗaura rauta, 'yar na'urar da ke haɗa wayoyi da kwamfuta ta iska, a kan rufin shago. Suna kiranta Akwati. Duk mai waya da ya matso kusa da shagon yana iya shiga cikinta ba tare da data ba, ɗalibai su kwashi littattafai su yi gaba. Ezekiya kuwa kullum sai ya duba kwana nawa ta yi ba a kashe ta ba, ya sanar da jama'a ko suna so ko ba sa so.

Amininsa a cikinsu shi ne Murtala, ɗan mahauta, wanda ya gaji fawa da fataucin shanu. Gyaran waya ya kawo shi shagon wata Asabar, ya tarar ana gardama, ya zauna don ya ga ƙarshenta, bai kuwa sake tashi ba. Yatsunsa masu kauri ne, in ya danna harafi ɗaya biyu ke fitowa, amma kansa na ja. Da Babbar Sallah cinya guda ke zuwa gidan Ezekiya, da Kirsimeti kuma kulolin shinkafa ke zuwa gidan Murtala, har matansu suka daina lissafin kwanon wa ke gidan wa.

Sai shekarar da aka rufe layukan waya a jihar saboda 'yan bindiga. Aka wayi gari wayoyi sun zama tocila. Kasuwannin shanu ma aka rufe, Murtala ya koma zaman kashe wando. Mafara ta cika da mutanen da suka gudo daga ƙauyukan Bakura da Maradun, uwa a nan, ɗa a can, ba mai jin labarin wani.

Murtala ne ya kawo shawarar. Aka haɗa Akwati na biyu aka kai Bakura, na uku aka kai Maradun wurin Nazir, wani malamin makaranta ɗan ƙungiyar. Mutum ya zo ya yi magana a waya, muryarsa ta shiga Akwati. A kwashe muryoyin a filashi a ba direba, in ya isa ɗayan garin a juye, a rubuta sunayen masu saƙo a allo bakin ƙofa. Abin ya yi aiki fiye da zato. Tsofaffin da a da ke ce musu 'yan wasan kwamfuta suka koma yi musu addu'a.

Tsoro ɗaya ne ya hana Ezekiya sakat. Mutane na faɗin inda suka ɓoye, da hanyar da za su bi, da sunan wanda suke zargi. In filashi ya faɗa hannun mugu, ko aka ɗauke Akwati, an kashe mutane da bakinsu ke nan. Don haka ya zauna ya rubuta wani ɗan umarni. Da zarar an juye saƙo, gurbinsa na baya ya shafe. Wanda ya iso kuma, in ya kwana bakwai, an ji shi ko ba a ji ba, ƙarfe goma sha biyun rana Akwati ya goge shi. Ba gogewar wasa ba, irin wadda masu gyara ke tonowa. Umarnin kan bi gurbin ya rubuta shirme a kai har sau uku, kamar manomin da ya tuge shuka kuma ya bi wurin da garma.

Ranar da ya kawo shi gaban 'yan ƙungiya, Murtala ya girgiza kai.

"Malam, bakwai ta yi kaɗan," in ji shi. "Mutanenmu ba awa na ohis ba ne. Wani shina gona, wani shina jinya, wata ba ta hita gida. A bar shi arba'in."

"In anka ɗauke Akwatin ga da muryoyin kwana arba'in ciki, wa ka ɗaukar alhaki?" in ji Ezekiya. "Kai ko ni?"

Aka ɗaga hannu yadda suka saba. Takwas suka bi Ezekiya. Murtala ya dubi hannunsa shi kaɗai a sama, ya yi dariya har da hawaye, ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Daga ranar bai ƙara tayar da maganar ba.

Wata Lahadi Murtala ya tafi Maradun ya gyara wa Nazir rauta. Ya kwana can. Litinin da safe ya ba direba filashi ya kawo Mafara, shi kuma ya ce zai ƙarasa Damaga ya ɗauko muryoyin tsofaffin da ba su iya fitowa. Filashin ya iso ƙarfe goma sha ɗaya. Falalu ya juye shi, ya ɗauki alli zai rubuta sunaye a allo, sai ga ƙanen Murtala ya faɗo shagon ba sallama. An tare hanya tsakanin Maradun da Damaga. Mutum huɗu aka kashe, har da Murtala.

Falalu ya saki allin. Da yamma, da zai rufe shago don zaman makoki, ya kai hannu zai kashe Akwati. Ezekiya ya riƙe hannun.

"Bar ta," ya ce. "Kwana ɗari biyu da arba'in da huɗu ba ta mutu ba. Shi da kainai ba shi yarda a kashe ta. Masu jiran saƙo su tsaya bakin ƙohwa su ɗauka."

Haka aka yi. Aka rufe shago, Akwati na ciki yana aikinsa. Ezekiya ya ɗauki hutu a ofis ya tare a ƙofar gidan su Murtala. Shi ke shimfiɗa tabarmi da safe, shi ke naɗe su. In an tashi salla ya tsare takalma, in an dawo ya amsa gaisuwa tare da 'yan'uwa, har baƙi suka ɗauka ɗan gidan ne. Kwana bakwai cur bai leƙa shagon ba, kuma wallahi ko sau ɗaya bai tuna da umarninsa ba. Wanda zuciyarsa ta karye ba ya tuna lissafin kwamfuta.

Ranar addu'ar bakwai, bayan azahar, Nazir ya iso. Sai ranar motoci suka yarda suka bi hanyar. Ya gaisa da dattawa doguwar gaisuwa, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya matso kusa da Ezekiya.

"Ashe rabon ta ji muryatai na ƙarshe ya sa," ya ce a hankali. "Allah Sarki. Ta dai samu ta ji ko?"

"Wa?"

"Matatai mana. Da sahen nan, kahin shi wuce Damaga, ya aje mata saƙo. Shina cikin hilashin da anka kawo."

Ezekiya ya dubi agogonsa. Ƙarfe biyu da kwata. Ya tashi ba takalmi, mutum mai shekara hamsin, ya ratsa layin mahauta a guje, Falalu na binsa da makulli.

A rajistar Akwati layi ɗaya ne ya rage. Daga Maradun, zuwa ga Salma matar Murtala, tsawonsa minti uku da sakan arba'in. A ƙarshen layin an rubuta an goge, Litinin, sha biyun rana. Awa biyu da 'yan mintuna ke nan. Lokacin Ezekiya yana can gidan makoki yana raba wa mutane waina.

Ya durƙusa ya zare wayar wutar da hannunsa, don kada wani sabon abu ya hau kan gurbin. Fankar Akwati ta yi shiru a karo na farko cikin kwana ɗari biyu da hamsin da ɗaya. 

Kafin la'asar labari ya shiga cikin gida, Salma ta aiko a kira shi. Tana takaba, don haka a bayan labule ta zauna, mahaifiyar Murtala na gefen ƙofa da carbi. Ezekiya ya tsuguna daga waje.

"Sannu da haƙuri, Maman Rahama. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam. An gode da ɗawainiya, Allah shi saka. An ce abokinka ya bar min magana."

"Ya bari. Akwai 'yar matsala, amma ina kai."

"Malam, bari in hwaɗa maka abin da ban hwaɗa ma kowa ba, Inna ma yanzu za ta ji. Ran da zai tahi mun yi cacar baki. Na ce kada shi tahi, ya ce mutane na jira. Na dama mishi hura na hana shi. Da ya kai ƙohwa ya ce min ya tahi, ni ko na juya baya. Ko a dawo lahiya ban ce ba. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa yin haka ba. Ina son in san ko da hushina ya tahi. Shi ke nan abin da nike so."

Tsohuwar ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ta bar wa Allah. Salma ta ce to. Amma Ezekiya ya ji irin "to" ɗin, ya san ba ta bari ba.

Kwana biyu ya yi a kan faifan ajiyar da ya ciro daga cikin Akwati. Ya bi shi da duk manhajar tono da ya sani, da waɗanda 'yan ƙungiya suka kawo. Abin haushi, sun tono abubuwa. Suka fito da takardun ofishin da ya jefar da kwamfutar, da hotunan bikin wani ma'aikaci da ba wanda ya sani, ango na ta murmushi tun shekara goma baya. Inda muryar Murtala ta zauna kuwa ba komai sai shirme, shimfiɗe lafiya lau, sau uku. Ya karɓo filashin a wurin direba, shi ma fes. A rayuwarsa bai taɓa roƙon Allah ya sa ya yi kuskure a aiki ba sai a kwanakin nan. Ya karanta umarnin layi-layi yana neman inda ya yi sakaci. Layi goma sha tara ne, kuma babu aibu ko ɗaya.

Ranar Alhamis ya shiga motar Maradun, matarsa na roƙonsa kada ya je. Gero ya nuna a gonaki, wasu ba mai yanka. 

Akwatin Maradun ma ya yi biyayya. Tun ranar da aka juye saƙon a filashi ya shafe gurbinsa. Ezekiya ya rufe kwamfutar ya juya ga Nazir.

"Kai kana nan sa'ad da ya yi maganar. Mi ka ji?"

"Ƙa'idar da ka sa muna, Malam. In mutum za shi magana a hita a ba shi wuri. Na hita."

"Ko kalma guda?"

"Na ji ya gyara murya. Sai na ga ina kusa, na ƙara nisa har bakin rijiya, kada in ci amana." Nazir ya sunkuyar da kai. "Da ya hito shina share ido. To ka san shi, in ya yi dariya ƙwarai hawaye ka zubo mishi. Ko dariya ta ko kuka, wallahi ban sani ba."

A hanyar dawowa Shaiɗan ya zauna kusa da shi ya ba shi shawara mai daɗi. Ya je ya ce ya tono ɗan guntu, ya ji Murtala na cewa ya yafe, sai guntun ya lalace. Wa zai ƙaryata? Ya juya maganar har motar ta shigo gari. Ya san Murtala, ya kusa rantsewa cewa abin da ya faɗa ke nan. Amma kusa da rantsuwa ba rantsuwa ba ce, kuma bai ga yadda zai sa wa mamaci magana a baki ya ci gaba da shiga gidansa ba.

Juma'a da hantsi ya koma bakin labulen, da 'yar takarda a hannu wadda ya kwafe layin rajistar a kai. Bayan gaisuwa ya faɗa mata gaskiya ba kwana-kwana. Saƙon ya zo, ya jira ta kwana bakwai, an goge shi, kuma ba ya dawowa.

 Can ta ce, "Mi ya rage?"

"Tsawonai kawai. Minti ukku da sakan arba'in."

"Minti ukku?" Har ta ɗan yi wata guntuwar dariya. "Shi da ba shi iya minti guda ga waya? Lahiya lau, sai na zo, ya kashe." Ta shiga lissafi, yana jin numfashinta. "In hwaɗa na, ba shi kai haka, hushinai gajere na. In ko gahwara ta, ita ma kalma guda ta. To mi ya tsaya hwaɗi har minti ukku, Malam?"

"Ban sani ba."

"Wa ya ce a riƙa gogewa?"

Yana iya cewa ƙungiya ce, mutum takwas suka ɗaga hannu. Ya ce, "Ni na. Shi ya ce a bar shi arba'in, na ƙiya. Kuma ran da Falalu zai kashe na'urar, da ta tsaya da saƙon ciki, ni na riƙe mishi hannu."

"Na sani kai na," in ji Salma, ba tare da ɗaga murya ba. "Ya sha ba ni labari. Shi kan ce abin da Malam Ezekiya ya goge ko aljani ba shi maido shi. Da alfahari shika hwaɗi, awa shi ya yi." Labulen ya motsa, hannunta ya fito. "Ba ni takardar."

Ya miƙa mata. Hannun ya koma. Bai ji ta yi kuka ba, sai ƙarar takarda da ake ninkewa ƙanana-ƙanana. Da zagi ta yi masa da ya samu abin riƙewa ya tafi da shi gida.

Ranar Asabar ya je shagon tun kafin sauran su zo. Mutane sun taru a bakin ƙofa, kwana biyar ke nan ba saƙo. Ya mayar da faifan, ya kunna Akwati, lissafin kwanakin ya fara daga sifili. Ya buɗe umarninsa ya gangara layi na shida, inda lambar bakwai take. Abin da ya kawo shi ke nan. Zai goge ta ya sa arba'in, in 'yan ƙungiya sun zo su yi ta ɗaga hannu.

Yatsansa na kan madanni Falalu ya shigo da wata tsohuwa. 'Yar gudun hijira ce daga Dakko, za ta aika wa ɗanta saƙo a Bakura. Ta ƙi karɓar wayar da aka miƙa mata. Ta dubi ƙofa, ta dubi taga, sannan ta matso ta rage murya.

"Ɗana, kai na mai abin ga?"

"Ni na, Inna."

"Zan gaya ma yaron inda ƙannenai mata suka ɓoye, da ran da za shi zo shi ɗauke su. Garinmu akwai masu kai rahoto, wani ma ɗan'uwa na. An ce min in ya kwana bakwai, ko an sace na'urar ga, babu mahalukin da ka iya jin shi. Shi ya sa na zo. In ba haka na ba, in koma da maganata cikin ciki. Gaskiya na?"

Ezekiya ya dubi lambar. Tabaraunsa ya yi hazo, ya cire ya goge da bakin riga, ya mayar. Bakwai ɗin na nan inda ya sa ta.

"Gaskiya na, Inna," ya ce. "Babu mai iya jin shi. Na gwada."

Ya ɗauke yatsansa, ya miƙa mata wayar, ya fita waje ya ba ta wuri.